Yadda Za Ka Gane Ma'anar Kalmar "Flesh" Ka Yi Amfani Da Ita Daidai

Bayan hutun Babbar Sallah na ba 'yan ajina na babbar sakandare a nan Bauchi aikin rubuta insha'i da Turanci a kan yadda aka yi layya a gidajensu, sai wata ɗaliba mai ƙoƙari ta rubuta cewa, "We shared the flesh among our neighbours." Da na ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar "flesh", ta biyo ni har ofishin malamai riƙe da ƙamus ɗinta, ta buɗe shafin, ta ɗora yatsa a kai, ta ce, "Malam, ai ga shi nan an rubuta nama." Tana da gaskiya, domin ƙamus bai yi mata ƙarya ba. Abin da bai fayyace mata ba shi ne, inda Bahaushe yake da kalma ɗaya, wato nama, wadda take ɗaukar na jikin rago yana tafe da ƙafafunsa da kuma na cikin tukunya, Bature ya raba abin gida biyu, ya ba kowane gida sunansa. Wanda bai san wannan rabo ba zai yi ta rubuta jimlolin da nahawunsu lafiya lau yake, amma mai harshen yana karantawa zai ji wani banbaraƙwai.

Saboda haka matakin farko, kafin ka rubuta kalmar, shi ne ka tambayi kanka a ina naman yake, kuma me ake nufin yi da shi. Idan na ci ne, ko yana rataye a rumfar mahauci a Kasuwar Wunti, ko yana kan wutar mai tsire, ko an shanya shi za a yi kilishi, sunansa "meat". Idan kuwa kana maganar abin nan mai taushi da ke tsakanin fata da ƙashi a jikin mutum ko dabba, wato tsoka da kitsen da ke lulluɓe da ƙashi, a matsayinsa na sashen jiki, to nan ne wurin "flesh". Ƙaya ta shige ƙafar manomi, sai a ce "The thorn went deep into his flesh." Igiya ta ci wuyan akuya har ta yi mata rauni, sai a ce "The rope cut into its flesh." Duk wanda ya ji waɗannan jimloli zai ji zafin abin a jikinsa, domin kalmar tana tafe da rai da jini da ciwo, kuma wannan ne dalilin da ya sa ba ta dace da abin da ake aika wa maƙwabta a kwano ba. Ɗalibata "meat" take nufi, ko kuma "mutton" idan tana son ta nuna cewa naman rago ne, kamar yadda ake ce wa naman shanu "beef".

Wannan rabo yana da tarihi, kuma saninsa yana taimakawa wajen riƙe ƙa'idar. A tsohon Turanci kalmar da ta haifi "flesh" tana ɗaukar naman jiki da naman ci duka biyu, kamar dai yadda tamu take yi, kuma 'yar'uwarta ta Jamusanci, wato "Fleisch", har gobe ita ce sunan naman da ake saya a kasuwa a Jamus. Ita kuwa "meat" a wancan zamani abinci take nufi kowane iri ne, sai daga baya ta tsuke ta koma naman ci kaɗai. Sunaye irin su "beef" da "mutton" daga Faransanci suka shigo bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066. Shi ya sa idan ka ɗauki tsohon rubutu, ko fassarar littattafan addini da aka yi da salon da, za ka tarar da "flesh" a inda Baturen yau zai ce "meat". Wasu fassarorin Alƙur'ani zuwa Turanci sun kira naman alade da aka haramta a aya ta 173 ta Suratul Baƙara "the flesh of swine", kuma wannan daidai ne a muhallinsa. Sai dai ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO ya sani cewa Turancin yau ake nema daga gare shi, kada ya ɗauko salon fassara ya kai shi cikin wasiƙar da zai rubuta wa abokinsa.

Akwai wani tarko da Bahaushe ya fi kowa faɗawa cikinsa, shi ne zaton cewa duk inda muka ce tsoka to "flesh" ce. Ka tsaya a gaban mahauci ka saurari mai saye yana cewa, "Tsoka zalla nake so, ban da ƙashi, ban da kitse." Wannan tsokar a Turanci "lean meat" ce idan maras kitse ake nufi, ko "boneless meat" idan maras ƙashi ake nufi. Haka nan tsokar da ɗan dambe yake murɗawa a damtsensa, wadda take motsa gaɓoɓi, sunanta "muscle", kuma ita ce malamin kimiyyar halittu yake nufi idan yana bayanin yadda hannu yake lanƙwashewa. Ke nan tsoka ɗaya tamu tana iya zama ɗaya daga cikin kalmomi uku, kuma yanayin maganar ne zai nuna maka wadda za ka ɗauka.

Ga dabbobin dawa kuwa ƙofar a buɗe take. Zakin Yankari ba ya zuwa wurin mahauci, kama dabba yake yi ya yaga ta ɗanya, don haka ana cewa "Lions feed on the flesh of other animals", kuma ana kiran irin waɗannan dabbobi "flesh-eating animals". Ungulu a kan mushe ma haka, "rotting flesh" take ci, wato ruɓaɓɓen nama. Kifi kuma yana da nasa hukunci, domin masu rubuta tsarin girki sukan ce a dafa shi har sai "flesh" ɗinsa ya yi fari ya fara rabuwa da ƙaya, kuma babu wanda zai ji wani abu.

Ma'ana ta biyu ita ce ta fi ba ɗalibai mamaki, alhali ita ce mafi sauƙi a wurinmu, tun da mu ma muna cewa tsokar mangwaro. Ka je Kasuwar Muda Lawal lokacin zafi ka sayi mangwaro ɗaya ka yanka, za ka ga abu uku: ɓawo, wanda ake kira "skin" ko "peel", da ƙwallo, wanda ake kira "stone" ko "seed", sai kuma abin nan rawaya mai zaƙi da ke tsakaninsu, wanda shi ne "flesh". Jan cikin kankana, da cikin gwanda bayan an kwashe 'ya'yan, da abin da ake ci a jikin dabino, duka sunansu ke nan. Daga nan aka sami sifar "fleshy", wato mai tsoka, wadda ake yi wa ɗan itace mai kauri, ko ganye mai ruwa a ciki, ko hannun mutum mai ƙiba. A kula kada a haɗa ta da "fleshly", wadda harafi ɗaya ne ya raba su, amma ita ta shafi sha'awar jiki ce, kuma ba a cika jin ta ba sai a wa'azi da tsohon rubutu.

Ta fuskar nahawu abu ɗaya ne za ka riƙe: kalmar tana cikin sunayen da ba a ƙirga su, kamar ruwa da gari. Ba a cewa "a flesh", ba a kuma yi mata jam'i. Idan kana son ka ambaci yanki ɗaya sai ka ce "a piece of flesh". Duk wanda ya yi karatun Arba'una Hadisi ya san hadisi na 6, inda aka ce a cikin jiki akwai wata tsoka, idan ta gyaru dukkan jiki ya gyaru, idan ta ɓaci dukkan jiki ya ɓaci, ita ce zuciya. Masu fassara shi zuwa Turanci "a piece of flesh" ko "a morsel of flesh" suke cewa, kuma na ga ɗalibai da yawa sun daina kuskuren nan tun ranar da na haɗa musu ƙa'idar da wannan hadisi da suka haddace tun suna Islamiyya.

Yanzu sai mu zo inda aikin yake da yawa, wato maganganun azanci, domin a jarida da rediyo da takardar jarrabawa a nan aka fi haɗuwa da kalmar. Shawarar da nake ba kowa ita ce kada ya fassara su kalma bayan kalma, ya nemi abin da Bahaushe yake faɗa idan ya sami kansa a irin wannan hali. Wanda ya ce "I saw the governor in the flesh" yana nufin ya ga gwamna ido da ido, ba a talabijin ko a hoton da aka manna a bango ba. Ana amfani da ita ga wanda aka daɗe ana jin labarinsa ko ana ganin hotonsa, don haka ba za ka ce ka ga ƙanenka "in the flesh" ba alhali gida ɗaya kuke kwana, sai fa idan ya yi shekaru a wata ƙasa kuna gaisawa ta waya kawai.

"Flesh and blood" fuska biyu gare ta, kuma ƙaramar kalmar da ta zo gabanta ce take bambance su. Idan aka ce "my own flesh and blood", ana nufin jinina, ɗana ko ɗan'uwana na jini, kuma galibi ana faɗin ta ne a lokacin da zumunci ya shiga gwaji, kamar uban da ɗansa ya ɓata masa rai amma ya ce ba zai iya korar sa ba. Mu a nan sai mu ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Idan kuwa aka ce "He is only flesh and blood", ana nufin shi ma mutum ne, yana gajiya, yana kuskure, yana jin zafi, wato ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Ni a ganina wannan ita ce mafi kyawun abin da kalmar take ɗauke da shi, domin uzuri ce ake nema wa mutum, kuma ya kamata mai koyo ya san ta tun da wuri.

Daga wannan ma'ana ta raunin ɗan Adam ne aka sami amfani da kalmar a matsayin kishiyar ruhi, inda "the flesh" take nufin jiki da sha'awarsa, abin da mu muke kira son zuciya. Yawancin irin waɗannan maganganu daga Littafi Mai Tsarki suka shiga bakin Turawa, musamman ta fassarar da aka buga a 1611 a zamanin Sarki James na Ingila. "The spirit is willing but the flesh is weak" daga Matiyu 26:41 take, kuma a yau ana faɗin ta ga duk wanda yake da niyya amma jiki ya ƙi ba shi haɗin kai, kamar ɗalibin da ya ƙudura zai tashi karatun dare barci ya sace shi. "A thorn in the flesh" daga wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa take, 12:7, kuma tana nufin mutum ko al'amarin da ya zame wa wani ƙarfen ƙafa, yana damun sa kullum ba ya ƙarewa. Maƙwabtanmu Kirista na Yelwa da Tafawa Ɓalewa sun saba jin waɗannan a coci, amma Bature yana faɗin su a hira ba tare da ya tuna asalinsu ba, don haka Musulmi ya san su a matsayin Turancin yau da kullum. Akwai kuma "to go the way of all flesh", wato mutum ya riga mu gidan gaskiya, sai dai kada ka sa ta a wasiƙar ta'aziyya, domin tsohuwar magana ce kuma wani lokaci da sigar wasa ake faɗin ta.

Wadda ta fi bukatar bayani ita ce "a pound of flesh", domin ba za ka gane ta ba sai ka san labarin da ta fito daga cikinsa. William Shakespeare ya rubuta wasan kwaikwayon "The Merchant of Venice", wanda aka fara buga shi a 1600. A cikinsa wani ɗan kasuwa mai suna Antonio ya karɓi bashin kuɗi 3,000 na zinariyar wancan zamani daga hannun wani mai ba da rance, Shylock, don ya taimaki abokinsa, bisa sharaɗin cewa idan wata uku suka cika bai biya ba, Shylock zai yanki fam ɗaya na naman jikinsa, wato kimanin giram 454, abin da bai kai rabin kilo ba. Jiragen ruwan Antonio ba su dawo a kan lokaci ba, wa'adi ya cika, Shylock ya kafe a gaban shari'a cewa shi sharaɗinsa yake so ko da za a ninka masa kuɗinsa. Sai Portia, matar abokin nan na Antonio, wadda ta yi shigar lauya, ta yanke cewa ya yanki namansa, amma kada ya zubar da ko ɗigon jini, tun da nama takardar yarjejeniyarsu ta ambata, ba ta ambaci jini ba. Tun daga nan, duk wanda ya nace sai an ba shi haƙƙinsa cif, ba sani ba sabo, ya ƙi ɗaga ƙafa ko da abin zai halaka wanda ake bi, sai a ce yana neman "his pound of flesh". Jaridun Najeriya sukan yi amfani da ita da ma'anar ramuwar gayya, musamman a labarin ƙwallo da siyasa, amma asalinta haƙƙi ne da doka ta yarda da shi wanda tausayi ya ƙi, kuma wannan ma'anar ce nake so ɗalibi ya kai ɗakin jarrabawa. Ina kuma jan kunnen ɗalibaina kada su riƙa kiran mutum da sunan Shylock, domin wasan ya zana shi a matsayin Bayahude mai mugunta, kuma mutane da yawa suna ɗaukar wannan kira a matsayin cin mutuncin al'umma guda.

Sauran ba su da wuyar sha'ani. "It made my flesh creep", ko "crawl", tana nufin abin ya sa tsigar jikina ta tashi don tsoro ko ƙyama. "A flesh wound" rauni ne da ya tsaya a tsoka, bai taɓa ƙashi ko kayan ciki ba. "To press the flesh" kuwa ita ce abin da 'yan siyasa suke yi lokacin kamfe, su kutsa cikin taro suna miƙa wa kowa hannu.

Kalmar tana zama aikatau, kuma a nan ne ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na kwalejoji suka fi cin karo da ita, lokacin da malamin da ke duba kundin bincikensu ya rubuta a gefen takarda, "Flesh out this chapter." Ba cewa ya yi a cire babin ba, kuma na taɓa ganin wanda ya fahimci haka ya goge shafi huɗu da ya sha wahalar rubutawa. Abin da malamin yake nufi shi ne, abin da ka kawo ƙashi ne kawai, ka koma ka sa masa tsoka, wato ka faɗaɗa bayani, ka kawo misalai da hujjoji. Ruɗanin yana zuwa ne daga wata mai kama da ita, "flush out", wadda take nufin fatattako abin da ya ɓoye, kamar yadda jaridu suke cewa sojoji sun fatattako 'yan bindiga daga daji. Ɗaya ƙarawa take yi, ɗayar fitarwa, don haka ka dubi wasalin da kyau kafin ka taɓa aikinka. Majema kuma suna da nasu amfanin, domin a sana'ar jima "to flesh a hide" yana nufin kankare ragowar nama da kitse daga cikin fata kafin a jeme ta, irin aikin da ake yi wa fatun layya, kuma ɓangaren fatar da ke manne da jiki shi ne "the flesh side".

Akwai wata da nake so mu yi hattara da ita, wato "flesh-coloured", wadda za ka gani a jikin kwalin safa ko filastar rufe ciwo. A zahiri tana nufin mai launin fatar mutum, amma launin da aka saba nufi shi ne na fatar Bature, fari mai ɗan ja. Kamfanin Crayola mai yin fensirin launi na yara ya sauya sunan launinsa daga "flesh" zuwa "peach" a 1962, saboda fatar mutane ba iri ɗaya ba ce. Mu da fatarmu baƙa ce ko wankan tarwaɗa, idan muka yi odar kaya ta intanet muka zaɓi wannan launi, abin da zai iso ba zai yi kama da jikinmu ba, don haka gara ka ambaci launin da kake so da sunansa, ko "brown" ko "dark brown".

Saura furuci, wanda shi ne yake tona asirin mai koyo a jarrabawar baka. Harafin "f" namu da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa yakan karkata zuwa "p" ko "h", amma na Turanci sai ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka hura iska. Sannan harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, don haka bakin Bahaushe yakan cusa wasali ya ce "filesh", alhali gaɓa ɗaya ce tak. Kalmomi huɗu ne suke rikicewa a nan: "flesh" da muke magana a kai, da "fresh" mai nufin sabo ko ɗanye, da "flash" wadda muka ara muke cewa a yi mana filashin a waya, da kuma "flush" ta kora ruwa a bayan gida. Ka rubuta su a takarda, ka tsaya gaban madubi don ka tabbatar haƙoranka suna taɓa leɓe, ka karanta su a hankali ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ɗauki muryarka a waya kana cewa "The flesh of this mango is fresh." Ka tura wa wani abokinka ba tare da ka gaya masa abin da ka faɗa ba, ka ce ya rubuto maka abin da ya ji, kuma idan ya rubuto kalma ɗaya sau biyu sai ka koma gaban madubin ka sake.